Yadda Aka Koyi Harhaɗa Shafin Intanet, da Abin da Hakan Ya Jawo wa Jimlar Hausa

Ɗalibin Hausa ya saba da nassi iri ɗaya, wato wanda marubuci ya zauna ya tsara shi daga farko har ƙarshe, yana sane da abin da ya gabaci kowace jimla da abin da zai biyo bayanta. Haka littafi yake, haka jarida take. Amma wani kaso mai yawa na Hausar da ake karantawa yau a fuskar waya bai biyo ta wannan hanya ba. A ce wani mazaunin Kukuo, unguwa a birnin Tamale da ke arewacin Ghana, ya buɗe maƙala a Wikipedia ta Hausa. Abin da ya bayyana a gabansa babu mutum guda da ya taɓa rubuta shi a wannan siffa. Gundarin maƙalar yana ajiye a wani wuri. Akwatin taƙaitaccen bayani da ke gefe, daga wani rumbu dabam aka ɗebo shi. Kalmomin da ke kan maɓallai kuma, irin su “Gyara” da “Tattaunawa”, suna cikin wani fayil da masu fassara suka cika, wasu tun shekaru da dama da suka wuce. Kwamfutar da ke riƙe da shafin, wadda marubutan fasaha na Hausa suke kira uwar garke, ita ce ta kirawo waɗannan gutsattsari, ta jera su, ta aiko da su a matsayin shafi guda.

Wannan darasi zai bi tarihin dabarar nan ta kiran gutsure da umarni a lokacin da mai karatu ya nemi shafi. Dalilin shigo da shi cikin darussan harshe shi ne, waɗanda suka ƙirƙiri dabarar sun yanka jimla ne a gaɓoɓin da Turanci yake yankuwa, alhali gaɓoɓin jimlar Hausa a wasu wurare suke.

Tsohuwar dabara

Ajiye gutsuren rubutu domin a yi ta amfani da shi ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar wasiƙar Hausa ya san yadda take farawa: takarda ta fito daga hannun wane, zuwa ga wane, sai gaisuwa da addu'a, sannan a ce “bayan haka”, a shiga magana. Mabuɗin nan tsayayye ne, sunaye biyu kawai ake sauyawa. A ƙasar da Tamale take ma akwai shaida a kan haka. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, babbar kasuwar goro da ke kudu da Tamale, sannan bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934. Tun yana saurayi ya rubuta littafi da Larabci a kan ilmin rubuta wasiƙa, mai suna al-Sarha al-Wariqa fi Ilm al-Wathiqa, wanda ke koya wa magatakarda salon da ya dace da kowane irin wanda za a rubuta wa. Zamanin ɗab'i da haruffan dalma ma haka aka yi: kan jarida da sauran abubuwan da ba sa canzawa, a kan bar su a jere, a mayar da su cikin kowane bugu.

Sai dai akwai bambanci guda da ya kamata a riƙe tun daga nan. Magatakarda mutum ne mai jin harshe. In mace zai rubuta wa, ba sai an gaya masa ba zai mayar da “gare ka” ta koma “gare ki”. Na'ura kuwa abin da aka zuba mata a gurbi shi take ajiyewa, ba ta duba maƙwabtansa.

Daga shafi tsayayye zuwa shafi harhaɗaɗɗe

Tim Berners-Lee ya gabatar da shawarar yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN a 1989, aka buɗe ta ga jama'a a 1991. A wancan lokaci kowane shafi fayil ne guda, cikakke, aikin uwar garke kawai ta miƙa shi yadda yake. Wahalar wannan tsari ba ta daɗe ba ta bayyana. Hukumar da ke da shafuka ɗari biyar, kowanne da adireshinta a ƙasansa, ranar da ta sauya ofis sai an buɗe fayil ɗari biyar an gyara, kuma da wuya a rasa wanda aka tsallake.

Magani na farko ya fito daga cibiyar NCSA ta Jami'ar Illinois a Amurka. A 1993 aka samar da ƙa'idar CGI, wadda ta ba uwar garke damar kunna wata manhaja ta aika wa mai karatu da abin da manhajar ta fitar. Manhajar uwar garke ta NCSA ta kuma zo da wata hanya mai sauƙi da ake kira SSI: marubuci ya saka layi guda mai umarnin #include a inda yake son gutsure ya bayyana, uwar garke ta ɗauko fayil ɗin da aka ambata ta dasa shi a wurin kafin ta aika. Apache, wadda ta fito a 1995, ta gaji wannan. Adireshi ya koma fayil guda, gyara ɗaya ya isa.

A watan Yunin 1995 Rasmus Lerdorf ya saki kayan aikin da suka zama harshen PHP, wanda Andi Gutmans da Zeev Suraski suka sake wa gini aka fitar da PHP 3 a 1998. A nan ne aka yi takun da ya fi muhimmanci ga batunmu. A PHP, umarnin ɗauko gutsure yana iya zama cikin sharaɗi, sunan fayil ɗin ma ana iya lissafo shi a daidai lokacin da buƙata ta iso. Wato ana iya cewa: in mai karatu ya shiga da sunansa, a ɗauko wannan, in baƙo ne, a ɗauko wancan, in Hausa ya zaɓa, a ɗauko fayil ɗin da sunansa ya ƙunshi “ha”. Daga nan shafi ya daina zama abu ajiyayye, ya zama tsarin umarni da ke haifar da shafuka iri-iri. A wannan shekara ta 1995 ce kuma Ghana ta sami cikakken haɗi da intanet ta hannun kamfanin Network Computer Systems na Nii Quaynor, tana cikin na farko-farko a Afirka ta Yamma.

Microsoft ta shigo fagen da ASP a ƙarshen 1996, amma da wani takunkumi: ana dasa fayilolin #include ne tun kafin umarnin shafi ya fara aiki, saboda haka ba a iya zaɓar gutsure da lissafi ta wannan hanya. Kamfanin Sun, da ya fitar da JSP a 1999, ya raba abin gida biyu a fili, akwai dasawa a lokacin tsara shafi, akwai dasawa a lokacin buƙata.

Gutsure mai aiki da matsalar mantuwa

A 2002 Microsoft ta fitar da ASP.NET, inda gutsure ya tashi daga guntun rubutu ya zama ƙaramar na'ura mai cin gashin kanta. Akwatin shiga da suna, ko kalanda, ko fom ɗin rajista, kowanne ana gina shi sau ɗaya a fayil mai ƙarewa da .ascx, da siffarsa da umarninsa. Maginin manhaja yana iya ayyana shi a jikin shafi tun farko. Yana kuma iya barin gurbi kawai, ya kira gutsuren da umarnin LoadControl bayan shafi ya fara aiki, gwargwadon abin da ya gani. Jami'a, alal misali, tana iya barin gurbi guda a shafin rajista, a loda wa sabon ɗalibi fom iri ɗaya, a loda wa mai neman digiri na biyu wani iri.

A nan aka ci karo da wata matsala da ta ba magina da yawa ciwon kai, kuma fahimtarta na taimaka wa wanda ba magini ba. Ƙa'idar HTTP, wadda burauza da uwar garke suke magana da ita, ba ta da tuni. Da zarar uwar garke ta aika da shafi sai ta rushe abin da ta gina, ta manta. In mai karatu ya cike fom ya latsa maɓalli, sai an sake gina shafin tun daga tushe kafin a duba abin da ya aiko. Gutsuren da aka ayyana a jikin shafi yana dawowa da kansa. Wanda aka loda da umarni kuwa ba ya dawowa sai an sake kiransa, a kuma kira shi da wuri a matakan gina shafi, da irin lambar shaidar da ya ɗauka a karon farko. In an yi sake, abin da mutum ya rubuta ya iso ya tarar babu mai karɓarsa, maɓallin da ya latsa kuma ba wanda ya ji. Mai cike fom a shagon intanet, da kuɗin awa yana tafiya, sai ya ga akwatunan sun dawo wayam, ya ɗora laifi a kan rashin ƙarfin layi, alhali sau da yawa layin ba shi da laifi.

ASP.NET ta biyu, ta 2005, ta sauƙaƙa cire kalmomi daga jikin gutsure zuwa fayiloli na musamman, kowane harshe da nasa. Wannan ci gaba ne na gaske, domin shi ya sa a iya ƙara harshe ba tare da an taɓa umarni ba. Amma a lura da abin da ya faru ga mai fassara: an miƙa masa jerin kalmomi da rabin jimloli, an ɗauke masa shafin da za su zauna a ciki.

Wikipedia, Hausa da Dagbani

Inda mai karatun Hausa ya fi haɗuwa da wannan dabara a fili shi ne Wikipedia. An buɗe ta ranar 15 ga Janairu, 2001. A 2002 ta koma kan manhajar PHP da Magnus Manske ya rubuta, Lee Daniel Crocker ya sake gina ta a shekarar, aka raɗa mata suna MediaWiki a 2003. A 2004 aka ware wa gutsattsari fage nasu, wanda a Wikipedia ta Hausa ake kira “Samfuri”. Edita ya rubuta sunan samfuri tsakanin baka biyu-biyu masu lanƙwasa, uwar garke ta ɗauko shi ta cike gurabensa. A 2006 aka ƙara wa samfura ikon yin sharaɗi da ɗan lissafi, a 2013 kuma aka ba editoci damar rubuta su da harshen Lua, wanda aka ƙirƙira a Burazil. Kafin nan da kaɗan, ranar 29 ga Oktoba, 2012, an buɗe Wikidata, rumbu guda da ke ajiye bayanai domin dukkan harsuna, inda kowane abu yake da lambarsa mai farawa da Q.

Amfanin lambar ya fito fili da sunan da muka fara da shi. Kukuo ta Tamale dabam, akwai kuma wata Kukuo a gundumar Nanumba ta Kudu. Mutum yana iya rikita su, amma samfurin da ke kira da lamba ba ya rikitawa, muddin wanda ya shigar da bayanin bai rikita ba.

Tamale tana da nata rabo a wannan tarihi. A can ne ƙungiyar masu aikin Wikimedia da harshen Dagbani take da cibiya, kuma a 2021 Wikipedia ta Dagbani ta fita daga matakin gwaji ta tsaya da kanta. Ƙananan Wikipedia irin wannan ba su da yawan hannun da za su gina ɗaruruwan akwatunan bayani kamar yadda ta Turanci ta yi. Shi ya sa ta Hausa da ta Dagbani duka suka rungumi wani samfuri mai suna Databox. Kalma ɗaya edita yake rubutawa a saman maƙala. Samfurin ya duba lambar Q ta maƙalar, ya tafi Wikidata ya kwaso abin da ya samu, hoto da ƙasa da yawan jama'a da taswira, ya jera su. In an gyara adadin mutanen Tamale a rumbun, gyaran zai bayyana a Hausa da Dagbani ba tare da kowa ya buɗe maƙalar ba. Kasancewar a uwar garke ake yin duk wannan aiki, ƙaramar waya ma tana iya nuna sakamakon, domin shafi gamamme take karɓa.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. Kowane layi na akwatin yana da laƙabi, kuma in babu laƙabin Hausa a rumbun, na Turanci ake sakawa. Wannan ne ya sa mai karatu yake ganin akwati rabi Hausa rabi Turanci. Haka ma kalmomin maɓallai da saƙonnin manhaja, waɗanda ake fassarawa a dandalin translatewiki.net da Niklas Laxström, ɗan ƙasar Finlan, ya assasa a tsakiyar shekarun 2000: saƙon da ba a fassara ba, Turancinsa ne ke fitowa. Ɗalibin da ke son ganin ɗinkin da idonsa yana iya ƙara ?uselang=qqx a ƙarshen adireshin kowace maƙala. Nan take kalmomin maɓallai za su ɓace, sunayen gurabensu su bayyana a madadinsu. In ya sauya qqx da ha ko dag, guraben su cika da Hausa ko Dagbani.

Inda jimlar Hausa take ƙin yankuwa

Mu ɗauki misali mafi sauƙi, adadi. Turanci yana sa lamba kafin suna, Hausa tana sa ta bayansa. In magini ya ajiye lambar a wajen saƙo, ya bar wa mai fassara kalmar suna kaɗai, abin da zai fito shi ne “3 shafuka”, kuma babu yadda mai fassara zai yi. In kuwa an ba shi jimlar duka da gurbi a ciki, wanda MediaWiki take nunawa da $1, sai ya rubuta “shafuka $1” magana ta daidaita. A nan ma akwai zaɓi da Turanci ba shi da shi, domin Hausa tana yarda da tilo tare da adadi: shekara goma, shafi uku. Mai fassarar da ya nace sai ya sa jam'i ko'ina don Turanci ya sa, Hausarsa takan yi nauyi.

Na biyu shi ne jinsi. Aikatau na Turanci a shuɗaɗɗen lokaci bai damu da wanda ya yi aikin ba, Hausa kuwa dole ta ce “ya gyara” ko “ta gyara”. Har wanda ake magana da shi ma sai an bambanta: ka shiga, kin shiga. MediaWiki ta samar da alamar GENDER, wadda ke duba abin da mai amfani ya zaɓa wa kansa ta ɗauko siffar da ta dace, kamar yadda ta samar da PLURAL domin adadi, da GRAMMAR domin harsuna irin su Finlanci da Rashanci waɗanda ƙarshen sunansu ke sauyawa. Amma baƙon da bai yi rajista ba, uwar garke ba ta san ko wane ne ba. A ganina, mafi kyawun makamin da Hausa ta ba mai fassara a nan shi ne wakilin suna na boye, wato “an” da “a”: an adana gyaran, a sake gwadawa. Ya fi “ka/ki” mai karan tsaye a tsakiya, wanda ba mai furta shi da baki, ya kuma fi ɗaukar kowane mai karatu a matsayin namiji.

Na uku ya fi waɗannan zurfi, kuma shi ne ya fi nuna cewa gutsure a Hausa yana sauraron maƙwabcinsa. A ce an fassara wani guntu sau ɗaya da “an gyara”. A tsaye shi kaɗai daidai ne. Amma magini yana ganin guntu ɗaya ne a Turanci, sai ya sake amfani da shi bayan wani guntun mai nufin “lokacin da”. Sakamakon shi ne “lokacin da an gyara”, wanda kunnen Bahaushe ba ya karɓa, domin bayan “da” ta dangantaka, da bayan kalmomin tambaya irin su “yaushe”, lokaci shuɗaɗɗe yana komawa siffarsa ta dogaro: aka gyara, suka gyara, kuka gyara. Haka “yana” take komawa “yake”. Kalmar da ta gabata ita ke mulkin wadda ta biyo, kuma in suna fayiloli dabam-dabam babu mai isar da saƙo tsakaninsu.

Aikatau kansa ma yana duban gabansa. A tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960, aikatau aji na biyu yana sauya wasalin ƙarshe gwargwadon abin da ke biye: ya nema, ya nemi shafi, ya neme shi. Maɓallin da ke tsaye shi kaɗai “Nema” ne. In an liƙa masa suna a gaba sai ya koma “Nemi”. Kalma ɗaya ce a fayil ɗin Turanci, uku ce a bakin Bahaushe.

Sai mahaɗi, wato -n da -r. Samfurin da zai haɗa nau'in wuri da sunansa dole ya fitar da “birnin Tamale” da “yankin Arewa”, amma “unguwar Kukuo” da “ƙasar Ghana”. Mai gaggawa zai ce a duba harafin ƙarshe, in “a” ne a sa -r. Wannan zai ci nasara sau da yawa, har ranar da ya haɗu da gida, ruwa, suna, nama, waɗanda duk suka ƙare da “a” amma maza ne, a wayi gari dubban shafuka suna ɗauke da “gidar sarki”. Abin da ke ƙara wa lamarin nauyi shi ne, kuskuren marubuci a shafinsa yake tsayawa, kuskuren samfuri kuwa yana bin duk shafin da ya kira shi, kuma yaran da ke koyon karatu a waya ba su da hanyar sanin cewa na'ura ce ta yi tuntuɓe. Magina MediaWiki sun gane wannan, ƙa'idojinsu na fassara suna gargaɗi a kan harhaɗa jimla daga guntaye, suna kuma buƙatar kowane saƙo ya zo da bayanin inda za a yi amfani da shi. Manhajoji da yawa na kasuwa ba su kai ga wannan ladabi ba.

Wace Hausa ake lodawa?

Lambar “ha” tana ɗaukar Hausa a matsayin abu guda. Rumbun CLDR na ƙungiyar Unicode, inda manhajoji suke ɗebo sunayen watanni da tsarin kwanan wata, ya ɗan faɗaɗa, yana da Hausar Nijeriya da ta Nijar da ta Ghana. Amma kusan kullum fayil ɗin fassara ɗaya ne, da Daidaitacciyar Hausa mai tushe a karin Kano. Mazaunin zangon Tamale, wanda Hausa ta iso wa kakanninsa ta hanyar fataucin goro da malanta tun kafin Turawan Ingila su mayar da garin hedikwatar yankunan arewa a 1907, Hausarsa tana da nata kamanni. Masana sun daɗe da lura cewa Hausar Ghana ta sassauta bambancin jinsi, har “ya” da -n suna shiga wuraren da Bakano zai sa “ta” da -r. A cikin Nijeriya ma Zazzaganci yana da irin wannan ɗabi'a, Basakkwace kuma “na” da “ta” yake cewa a inda wasu ke cewa “ne” da “ce”. Ban ga laifin zaɓar daidaitacciya ba, ai don irin wannan aka daidaita ta. Abin lura kawai shi ne, ba taron masana ne ya zauna ya yanke cewa ita za a loda wa mai karatu a Tamale ba. Wanda ya riga cike gurbi shi ya yanke.

Haruffa ma sun sha tasu gwagwarmaya. Ƙugiyoyin ɓ, ɗ da ƙ sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake jagorantar hukumar talifi a Zariya, kuma ƴ tana cikin rubutun Nijar a inda Nijeriya take rubuta 'y. Tsarin ASCII na 1963 mai gurbi 128 bai san da su ba, haka ma tsarin Latin-1 da shafukan farko suka dogara da shi. Unicode ya ba su gurabe tun farkon shekarun 1990, ko da yake a warwatse: manyan Ɓ da Ɗ suna rukuni ɗaya, ƙananansu suna can cikin rukunin haruffan ilmin furuci. A shafi harhaɗaɗɗe, gutsure guda da aka adana da tsohon tsari ya isa ya sa “ƙasa” ta fito da alamar tambaya a madadin harafin farko, sauran shafin kuma lafiya lau. Masu Dagbani sun san wannan ciwo da nasu ɛ, ɣ, ŋ, ɔ da ʒ. Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka zana a 1992, shi ne ya warware matsalar bayan ya game ko'ina, sai dai ya tarar marubuta da yawa sun riga sun saba da jefar da ƙugiya, har “ƙasa” da “kasa” suka zama ɗaya a rubutu.

Daga akwati zuwa jimla

Matakin da ake ciki yanzu ya wuce akwatin gefe. A 2020 Gidauniyar Wikimedia ta amince da shawarar Denny Vrandečić, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Wikidata, ta gina abin da aka kira Abstract Wikipedia: a rubuta ma'ana sau ɗaya cikin siffar da ba ta kowane harshe ba, sannan umarni ya mayar da ita jimla a kowane harshe. A 2021 aka zaɓi harsunan da za a fara mayar da hankali a kansu, su ne Bengali, Malayalam, Hausa da Ibo, aka ƙara da Dagbani. A watan Yulin 2023 aka buɗe Wikifunctions, rumbun ƙananan umarni da kowace Wikipedia za ta iya kira, kamar yadda ake kiran samfuri.

Domin na'ura ta fitar da jimla guda mai sauƙi, “Kukuo unguwa ce a birnin Tamale”, sai ta san cewa “unguwa” tamace ce don ta zaɓi “ce”, ta san “birni” namiji ne don ta liƙa -n, ta kuma san wace Kukuo ake nufi. Na ƙarshen lambar Q ta ba ta. Na farko da na biyu kuwa suna sashen kalmomi na Wikidata, wanda aka buɗe a 2018, inda kowace kalma take da lambarta mai farawa da L, da gurbin jinsi, da gurbin siffofinta: tilo da jam'i ga suna, nema da nemi da neme ga aikatau. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham sun ƙunshi irin wannan bayani kalma bayan kalma, amma a takarda, cikin siffar da mutum kaɗai yake iya karantawa. Kwashe shi zuwa gurabe aikin hannu ne, ana yin sa kalma ɗaya-ɗaya, kuma ga kalma irin “kama”, wadda suna ce a wani wuri aikatau a wani, sai an buɗe mata shigarwa fiye da ɗaya, kowace da lambarta.